Fata ta warke, jijiya da saura: ɗaga ƙarfe bayan tiyatar ƙwanji

Daga Karofi zuwa Dutsin-Ma da Kurfi, ba sai saurayi ya biya kuɗin gidan motsa jiki ba kafin ya gina ƙwanji. Gwangwanin fenti biyu, a cika su da siminti, a soka sandar ƙarfe a tsakani, shi ke nan. Ɗagawar da aka fi gwada ƙarfi da ita kuwa ita ce a sunkuya a ciccibo ƙarfen daga ƙasa har mutum ya miƙe tsaye. A nan ne wata jijiya ke shiga hatsari, musamman wadda aka taɓa ɗinkewa.

Ƙwanjin gaban dantse yana ƙarewa da jijiya mai ƙwari, wadda ta ƙetare gwiwar hannu ta manne da ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa. Ita ke taimakawa a lanƙwasa hannu, ita ke juya tafi ya kalli sama. Idan nauyi ya fizge hannun ya miƙe alhali ƙwanjin na ɗaure, sai ta ɓalle daga ƙashi. Mutum zai ji "ɗas" a gwiwar hannu, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, ƙwanjin ya tattare ya haura sama. An fi ganin haka ga maza 'yan shekara 30 zuwa 60, kuma shan taba na ƙara hatsarin.

Da yawa cikin masu ɗaga ƙarfe suna riƙe sanda da tafi ɗaya a kife, ɗaya a buɗe yana kallon gaba, don kada ta suɓuce. A 2021 wasu likitoci a Turkiyya sun bi bidiyoyin YouTube da suka nuna lokacin tsinkewar, suka ga jijiyar hannun da tafinsa ke buɗe ita ke tsinkewa. Ɗan dakon da ya zura hannuwa ƙarƙashin buhun masara mai kilo 100 shi ma haka tafukansa suke.

Wannan rauni ba na ɗori ba ne, domin ƙashi bai karye ba. Aikin tiyata ne, irin na likitocin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma an fi son a yi shi cikin mako 2 zuwa 3, kafin jijiyar ta ƙanƙance. Idan aka bar ta, hannu kan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin juyawa, da kusan kashi 30 na lanƙwasawa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan aikin. Cikin mako biyu fata ta haɗe, an cire zare, zafi ya lafa, abokai na cewa ai ka warke. Amma a ciki zare ne da ɗan maɓallin ƙarfe ke riƙe da jijiyar, kuma sai ta yi kamar wata 3 kafin ta kama ƙashi da kanta. Sake tsinkewa ba ta da yawa, kuma akasarinta a makonnin farko take faruwa, lokacin da mutum ya yi gaggawa. Tiyata ta biyu ta fi wuya, wani lokaci sai an yi wa jijiyar ƙari. Ga magidancin da ya sayar da akuya ya biya ta farko, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Likitoci kan bar mutum ya koma ɗaukar kaya masu nauyi tsakanin wata 4 zuwa 6, bayan likitan gashi ya bi da shi mataki-mataki. Ranar komawa a fara da sanda zalla. Tafuka biyu su kife, a ɗaura maɗaurin wuyan hannu idan riƙon ya gaza, gwiwar hannu ta tsaya a miƙe tun daga ƙasa, kada a fizgi ƙarfen. Wanda ya ji zafi mai tsini a gaban gwiwar hannu, ko ya ga ƙwanjin ya sake haurawa, ya ajiye sandar ya koma asibiti a wannan makon.