Wakili a Intanet: Ɗan Aike da Amanar Sirri

Gabatarwa

A kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, cikin ƙasar Daura, attajirin da ba ya son a san shi ne mai sayen bijimi yakan tura wakili ya yi ciniki a madadinsa, don kada mai kaya ya ga fuskarsa ya tsawwala kuɗi. Mai kaya wakili kaɗai ya gani. Amma shi wakili ya san wanda ya aiko shi, ya san abin da aka saya, ya kuma san nawa aka biya. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa irin wannan ciniki ne ake yi a intanet duk lokacin da mutum ya bi ta kwamfuta wakiliya, wadda ake kira furoksi, don ya ɓoye sawunsa.

Yadda Wakili Yake Aiki

Kowace waya ko kwamfuta da ta hau intanet tana da lambar adireshi wadda kamfanin sadarwa ya ba ta. Da wannan lamba ake mayar mata da amsa, da ita kuma ake gane ƙasar da take. Idan ɗalibi a Daura ya buɗe wani shafi kai tsaye, kamfanin layinsa ya san inda ya nufa, masu shafin kuma sun ga lambarsa. Idan kuwa ya bi ta wakili, watau wata kwamfuta da ke zaune, alal misali, a Jamus, to ita za ta karɓi buƙatarsa ta miƙa, ta karɓo amsa ta kawo masa. Masu shafin sai su ɗauka baƙon nasu daga Jamus yake.

Wakilai iri-iri ne. Akwai wanda miƙa saƙo kawai yake yi. Akwai VPN, wanda yake juya saƙon zuwa wani irin zaurance na lissafi tsakanin waya da wakili, ta yadda kamfanin layi ba ya iya karanta shi. Akwai kuma Tor, wanda ya fito a 2002, bayan binciken da aka soma a ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka. Shi yakan naɗe saƙo ɓawo a kan ɓawo kamar albasa, ya bi da shi ta wakilai 3. Na farko ya san mai aike bai san inda za a je ba, na ƙarshe kuwa ya san inda za a je bai san mai aike ba.

Darasin Shekarar 2021

Jama'ar Nijeriya da yawa sun fara sanin wakili ne a 2021. A farkon watan Yuni na shekarar, kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura. Ran 4 ga watan Ministan Watsa Labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter, kamfanonin waya suka toshe hanya. Nan da nan mutane suka koma ga VPN suka ci gaba da shiga, ko da yake Babban Lauyan Gwamnati, Abubakar Malami, ya yi kashedin gurfanar da masu saɓa umurnin. An ɗage takunkumin ran 13 ga Janairu, 2022, kuma a watan Yuli na wannan shekara Kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa doka.

A watan Satumba na 2021 ɗin kuwa, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, irin su Jibiya da Batsari da Faskari, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A nan wakili bai tsinana wa kowa kome ba, domin ɗan aike yana iya zagaye ƙofar da aka rufe, amma ba ya tafiya inda babu hanya sam.

Iyakar Sirri

Babban kuskuren masu amfani da wakili shi ne zaton sun ɓace. Abin da ya faru kawai shi ne amanar da take hannun kamfanin layi ta koma hannun mai wakilin, mutumin da galibi ba a san ko wane ne ba. Yana iya rubuta kowane wuri da aka ziyarta, ya sayar wa masu talla. Wakilan da ake bayarwa kyauta su suka fi wannan haɗari, gama banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bugu da ƙari, tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta umurci kamfanoni su adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su har shekara 2. Wanda kuma ya shiga Facebook da sunansa ya riga ya bayyana kansa, ko ta wakilai nawa ya bi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Mai Gudanar da Wakili

Ofisoshi da makarantu sukan kafa nasu wakili don tace abin da ake shiga da tsare kwamfutocinsu. Ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki yana ganin sawun abokan aikinsa, saboda haka amana ce a wuyansa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare sirrin wasiƙu da maganganun wayar 'yan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ƙarfafa shi. Wajibi ne ya sanar da jama'a abin da ake adanawa, ya taƙaita shi, ya kuma sa wa wakilin kalmar sirri. Wakilin da aka bari a buɗe, mazambata sukan bi ta cikinsa, idan bincike ya zo kuwa adireshin ofishin za a tarar.

Kammalawa

Neman sirri ba laifi ba ne. Maras lafiya mai binciken cutarsa da ɗan jarida mai kare majiyarsa duk suna da haƙƙinsa. Amma kafin ɗalibi ya ɗora wakili a wayarsa, ko ma'aikaci ya bi da takardun gwamnati ta cikinsa, ya kamata ya yi tambayar da attajirin Mai'aduwa yake yi kafin ya damƙa wa wani kuɗinsa: wane ne wannan ɗan aike, a ƙarƙashin dokar wace ƙasa yake, me kuma yake samu a cikin cinikin?