Daga Andalus Zuwa Singa: Kalmomin da Suka Biyo Kaya

A Kasuwar Singa ta Kano, inda tireloli ke sauke buhunan sukari da fulawa, 'yan dako suna kai-komo da katan-katan na taliya da madara, Hausa ce harshen ciniki. Amma da za a baje kalmomin cinikin kamar yadda ake baje haja, kowace da garin da ta fito. Katan da dozin da sito da rasit na Turawan Ingila ne. Ashana da akawu da asusu daga Yarabawa aka karɓo, ga kuma Sabon Gari nan kusa, unguwar da aka kafa wajen 1913 saboda baƙin da jirgin ƙasa ya kwaso daga kudu. Ita kanta kalmar kasuwa ta hannun Barebari ta iso, su kuma daga suƙ ta Larabci suka gina ta. Har sunan Singa, Singer ne bakin Bahaushe ya sassaƙe.

Wasu daga cikin kalmomin nan suna da dangi a inda ba a zato, wato Sifaniya.

Sifaniyanci, wanda yau mutum wajen miliyan 500 suka tashi da shi a baki, tsatson Latin ne, harshen Rumawan da suka shiga yankin a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara da runduna daga arewacin Afirka, dutsen da ya sauka kuwa har gobe sunansa yake ɗauke da shi: Jabal Ɗariƙ, wanda Turawa ke kira Gibraltar. Mulkin Musulmi a Andalus ya yi kusan shekara 800, bai ƙare ba sai da Garnaɗa ta faɗi a 1492, lokacin nan Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano. A tsawon zaman nan Sifaniyanci ya kwashi kalmomin Larabci da ake ƙiyasta sun kai 4,000, kuma da yawansu na kasuwa ne da gona da mulki. Sukarinmu su azúcar suke cewa, zaitun kuma aceituna. Shugaban gari a can alcalde ne, kalmar da ta fito ciki ɗaya da alƙali, duka daga alƙadi na Larabci. Ɗakin ajiyar kaya almacén suke kiran sa, daga almakhzan. Ka ga ɗan kasuwar Madrid yana ajiya da kalmar Larabawa, ɗan Singa yana ajiya da ta Turawa.

Abin lura shi ne yadda harsunan biyu suka haɗiye kalma da "al" ɗinta. A Larabci "al" ba jikin kalma ba ce, ɗora ta ake yi, a cire ta in an ga dama. Mutanen Italiya sun ari sukari da auduga daga Larabawa sun bar "al" a can, suka ce zucchero da cotone. Mutanen Sifaniya suka ce azúcar da algodón. Bahaushe ma haka: albasa, alkama, almakashi, aljihu, alƙalami. Wani wuri wasalin farko ya zube, "l" ta tsaya, aka sami labari da laifi da liman. Wasu masana harshe suna ganin hannun Barbar na arewacin Afirka a cikin wannan, don su ne mafi yawan rundunar Ɗariƙu, kuma haka suke aron kalmar Larabci ɗungurungum. A gefenmu kuwa, Abzinawan da ayarinsu ya riƙa ya da zango a Fagge, harshensu daga wannan zuriyar yake. Su suka ba mu raƙumi da takobi da takarda. Takardar nan in aka bi sawunta, sai an dangana da charta ta Latin, wadda ta haifi carta, wasiƙa ke nan da Sifaniyanci.

Shi ya sa nake jinjina kai idan na ji ana kukan kalmomin aro suna gurɓata Hausa. Wa zai ce albasa ba Hausa ba ce? Kalmar da harshe ya tauna, ya sa mata karin sautinsa, ya yi mata jam'i irin nasa, har tirela ta zama tireloli, ta zama 'yar gida. Abin da ya cancanci kuka daban ne: mutum ya jefo jimlar Turanci sukutum a tsakiyar zance alhali Hausarta na nan.

Bayan 1492 akalar ta juya yamma. Jiragen Sifaniya suka isa nahiyar Amurka, harshen ya sake cika jakarsa. Daga mutanen Aztek na Meziko ya ɗauko tomatl ya mai da ita tomate, Ingilishi ya ara, daga nan ta iso mana tumatir, wanda ake sayar da gwangwaninsa katan-katan a Singa. Kuɗin Sifaniya na azurfa ma sun zaga duniya, kuma daga sunansu, real, aka sami riyal. Duk maniyyacin da ya je Wapa neman canji, kalmar Sifaniyanci yake furtawa bai sani ba.

Akwai kamar da ta fi duk waɗannan. Musulmin da suka rage a Sifaniya bayan faɗuwar Garnaɗa sun riƙa rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, suna rubuta fiƙihu da addu'o'i da ƙissoshin annabawa. Sunan wannan rubutu aljamiado, daga al'ajamiyya, ajaminmu ke nan sak. Sarki Filib na Biyu ya haramta musu Larabci a 1567, tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kore su gaba ɗaya daga ƙasar. Littattafansu wasu a cikin bango da ƙarƙashin daɓe aka ɓoye, sai a 1884 aka ci karo da tarin su a wani tsohon gida a garin Almonacid de la Sierra. Larabci ya bar bakin mutane da ƙarfin doka, amma azúcar da alcalde ba wanda ya iya korar su. Namu ajamin ba a kore shi ba, boko ne ya ture shi daga ofis da makaranta bayan Turawa sun ci Kano a 1903. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, amma ya bar shi a jikin 'yar ɗari biyar da dubu.