Maganin da Ya Warkar da Ɓera Ba Lalle Ya Warkar da Kai Ba

Masu tallar magani sun sauya salo. Da "gadon kaka da kakanni" ake ji. Yanzu in ka tsaya kusa da motar mai lasifika ranar kasuwa, a Kwanar Dangora ko Tudun Wada, sai ka ji ana cewa "an gwada shi a jami'a, masana sun tabbatar." Haka ake ta turawa a WhatsApp. Kafin ka zaro kuɗi, tambaya ɗaya ta isa: a jikin wa aka gwada? Sau da yawa amsar ita ce ɓera.

Gwaji a kan ɓera aiki ne na gaskiya, da shi ake fara kusan kowane magani. A 2002 aka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon ɓera, aka ga kusan kashi 80 cikin 100 suna da takwarorinsu a jikin mutum. Inda aka rabu shi ne yadda jiki ke kunna su da kashe su. Mutanen Bebeji sun san madatsar Tiga: ruwan ɗaya ne, amma ƙofar da aka buɗe, da lokacin buɗewar, su ke nuna gonar da za ta sha. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Nature a 2014 ya gano cewa ƙwayoyin gadon da ke kula da garkuwar jiki na cikin waɗanda tsarin sarrafa su ya fi bambanta tsakaninmu da ɓera.

Bambancin a fili yake cikin jini. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, masu fara tarar cuta, sun kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100 a jikin mutum. A ɓera ba su wuce 10 zuwa 25 ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yaranmu da damina, falsifaram, ba ta kama ɓeran ɗakin gwaji na yau da kullum. Shi ya sa idan mai bincike zai gwada sassaƙe ko ganye, wata 'yar uwarta mai suna Plasmodium berghei yake sa wa ɓeran. Ke nan ɓeran daban, cutar ma daban. HIV ma ba ta kama shi.

Misali mafi kusa yana cikin rumbunanmu. Ɓeran daji mai nonuwa da yawa yana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, yana yawo lafiya lau, yana zuba ta cikin fitsari da kashi a kan masarar da aka shanya a bakin hanya. Ƙwayar da jikinsa ya ɗauka ba tare da ko atishawa ba, ita ke kai magidanci asibiti.

Ko biri, da ya fi ɓera kama da mu, ba ya zama shaida. A watan Maris na 2006 a Landan, aka yi wa matasa shida masu lafiya allurar gwaji ta maganin TGN1412. Abin da aka ba su kashi ɗaya ne kawai cikin 500 na abin da birai suka jure, amma cikin sa'o'i garkuwar jikinsu ta haukace, gaɓoɓinsu suka fara tsayawa, da ƙyar aka ceto su.

Don haka magani na ƙwarai yakan bi matakai uku na gwaji a jikin mutane, da yardarsu, kafin a sake shi. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, sai da aka gwada shi a dubban yaran Afirka.

Manomi a Kiru ko Doguwa bai kamata ya sayar da buhun masara don kwalbar da shaidarta ɓera ne kawai ba. Duba lambar NAFDAC, ka kuma karanta ƙaramin rubutun jikin kwalbar: a magungunan gargajiya da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Kada a daina shan maganin HIV, na tarin fuka ko na ciwon suga saboda talla. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana biyu ko uku ana shan magani, a koma asibiti a sake gwajin jini.