Kwana Biyu a Bukkar Wikki: Hutu a Dajin Yankari

Yau hirar hutu za mu yi, amma ba irin hutun Dubai da ake ta ɗorawa a Instagram ba. Ina nufin ka kama ɗan ɗaki a cikin daji, ka kwana biyu ko uku, ka farka da kukan tsuntsaye maimakon hon ɗin Keke Napep. Misalin da zan ba ku shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, don can na kwana.

Daga garin Bauchi za ka kama hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka miƙe har ƙofar shiga da ke Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,000. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar.

Ɗakunan nan, da yawansu zagayayyu ne kamar bukka, kowanne zaman kansa yake a tsakanin bishiyoyi. Wannan ne bambancinsu da otal. Ba bene, ba dogon lungu mai lambobi. Ka buɗe ƙofa, mugun dawa na kiwo a gabanka da 'ya'yansa, ko kallo ba ka ishe shi ba. Amma fa masu gidan na gaskiya su ne gwaggon biri. Wallahi sun san leda, sun san kular abinci, sun san taga da aka bari a buɗe. Kada ka ba su ko guntun biredi, domin ranar da suka gane hannun mutum na ba da abinci, daga nan ba roƙo za su yi ba, ƙwace za su yi. Ka rufe ƙofa da taga ko alwala za ka fita yi.

Abin da ya fi jan mutane shi ne ruwan Wikki, wanda ke ƙasan sansanin, ka sauka matakala ka same shi. Yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau, kana hango farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa kusan digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Dalili kuwa, ruwan daga can cikin ƙasa yake fitowa, don haka sanyin hunturu bai shafe shi ba. Shi ya sa ni na fi son shiga da sassafe a lokacin sanyi: iska na cizon kunne, ruwan kuma kamar an sirka maka. Idan kana son natsuwa, ka kauce wa ranakun bikin Sallah da ƙarshen shekara, don a lokacin wurin cika yake maƙil.

Sai zagayen ganin namun daji. Ana fita a mota tare da ɗan jagora, da safe ko da yamma, saboda da rana tsaka dabbobi na laɓe a inuwa. Lokacin zuwa kuma shi ne komai. Da damina ciyawa ta yi tsayi, ruwa na ko'ina, dabbobi sun warwatsu. Da rani, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, dole kowa ya gangaro kogin Gaji shan ruwa. A nan ake ganin ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina da kada.

Giwa fa? Yankari na da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya, amma ba gidan zu ba ne, ba wanda zai yi maka alkawari. Farautar haure ta rage su, kuma idan suka fita gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manomi ne ke kwana da asara. Akwai ɗan gidan tarihi a sansanin, ka leƙa ka ga tarkuna da bindigogin da aka ƙwace a hannun mafarauta.

Wanda ke son tarihi ya nemi a kai shi kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka haƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. A hanyar dawowa kuma, idan da sauran rana, kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa na nan cikin garin Bauchi.

Kafin ka taso, ka kira ka tabbatar da ɗaki, ka tambayi halin da hanya take ciki, ka yi tafiyar da rana. Ka riƙe tsabar kuɗi, tocila, maganin sauro da abin cajin waya, don sabis a daji yakan ɗauke. Idan ku huɗu ne ko biyar, ku haɗa kuɗin mai da na motar zagaye, nauyin zai ragu sosai.