Marubutan Waya, a Dakata Kafin a Tura

Da ku nake, masu rubuta labarai a WhatsApp da Facebook da Wattpad, kuma maganar ba ta jiran gobe. Rubutun da kuke saki ba tare da kun sake dubawa ba ya fara zama makarantar 'ya'yanmu. Yarinyar da ke kwana da labarinku ta fi ganin Hausarku a kan ta malaminta. Gobe a jarrabawar NECO za ta rubuta "yace" da "nagode" a haɗe, ta bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, a zaftare mata maki, ba ta ma san inda ta kwaso ba.

A da akwai shinge. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai da rubutun ya bi ta hannun masu tacewa a Zariya kafin ya kai ga ɗab'i. Yau babu kowa tsakanin babban yatsanki da mai karatu. Ke ce marubuciya, ke ce edita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin tsari. A fara labari ba a san inda za a sauka ba, masu karatu na ta "Anti a ƙara mana", sai a yi ta zuba. Uwar da aka yi wa sadakar uku a shafi na tara, ga ta a shafi na arba'in tana raka amarya ɗaki. Yarinyar da ke aji biyu na sakandare ta gama jami'a cikin damina ɗaya. Wallahi akwai masu baiwa a cikinku, baiwar da ta fi ƙarfin wannan sakaci, shi ya sa abin ke da ciwo.

Kar ku dogara da cewa za a gyara daga baya. Minti 15 kacal WhatsApp ke bayarwa a gyara saƙo, kuma wanda aka riga aka tura wani zaure ya tafi da kuskurensa. Masu tattara labarai kuma su haɗa shi haka nan, ya yi ta yawo shekaru da sunanki a kai.

Tun kafin shafin farko, a samu littafin rubutu na ɗan makaranta, a jera sunayen taurari da shekarunsu da dangantakarsu, a rubuta yadda labarin zai ƙare. A sa allon rubutu na Hausa a waya, Gboard na da shi, kyauta. In an gama shafi a bar shi ya kwana, da safe a karanta shi a bayyane. Inda harshe ya sarƙe, nan gyara yake.

Don Allah, shafin da kika rubuta daren nan, kar ki tura shi sai gobe.