FASHIN BAƘI: Wane aiki ke jiran matashin Dugabau da ya yi digirin harkokin kasuwanci daga gida?

Matashin da ke mazaɓar Dugabau ta Ƙaramar Hukumar Kabo zai iya yin digiri a yau ba tare da ya bar gonarsa ko shagonsa ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana da cibiyoyi a Kabo da Gwarzo, cikin waɗanda aka buɗe a Kano ta Arewa bisa ƙoƙarin Sanata Barau Jibrin. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma tana koyar da digirin gudanar da kasuwanci ta intanet. Tambayar da ke bakin ɗalibai da iyayensu ita ce: idan takarda ta zo hannu, ina za ta kai mutum?

Matsayin takardar a doka

An kafa NOUN a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran dokarta, domin a kawar da kallon da ake yi mata na makarantar wucin gadi. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasanta kamar na sauran jami'o'i. Saboda haka, a idon doka, digirinta digiri ne, kuma mai shi kan shiga aikin gwamnati a mataki na 8 kamar kowa. Wata fa'idar kuma ita ce karatun ba ya tsayawa idan ƙungiyar ASUU ta tafi yajin aiki, irin na wata 8 da aka yi a 2022.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana wajen yi wa ƙasa hidima. Shekaru da dama hukumar NYSC ba ta tura waɗanda suka yi karatu daga gida sansani. Takarda take ba su mai nuna cewa tsarin bai haɗa da su ba. Takardar halattacciya ce wajen neman aiki, amma ɗalibi ya rasa alawus na shekara guda da ƙwarewar wurin aiki, ya kuma rasa sanayyar da wasu kan samu gurbi ta dalilinta. A Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya umarci ma'aikatar ilimi ta fito da hanyar shigar da ɗaliban NOUN cikin tsarin. Duk wanda bai kai shekara 30 ba, ya kamata ya tambayi cibiyarsa matsayin da ake ciki kafin ya biya kuɗin rajista.

Abin da alƙaluma ke ɓoyewa

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A farkon 2023 adadin ya koma kashi 4.1, bayan an sauya ma'auni: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna cin abinci ne a sana'o'in da ba na ofis ba. Ma'ana, kujerun albashi kaɗan ne, masu neman su kuwa sun haɗa da waɗanda suka fito daga Bayero da Zariya. Bankuna da yawa kan gindaya iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata, abin da ke yanke wa wanda ya fara karatu a makare hanya.

Ƙofofin da ke buɗe

Wanda ya fi saurin cin moriya shi ne mai aiki a hannu: malamin firamare ko ma'aikacin sakatariyar Kabo ko Gwarzo da ke riƙe da difloma, wanda digiri zai ba shi damar neman ƙarin girma. Na biyu shi ne mai neman aiki a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, ko wurin manyan 'yan kasuwar Singa da Kantin Kwari, inda ake buƙatar mai kula da sito da mai riƙe littafin shige da fice. A can, abin da za a fara gwada shi da shi shi ne ko ya iya tsara lissafi a kwamfuta da rubuta rahoto mai ma'ana. Jarrabawar ƙwararru, irin ta ICAN ga masu son aikin akanta, tana ƙara wa takarda nauyi.

Ƙofa ta uku tana gida. Masara da dawa da gyaɗar da ake nomawa a wannan yanki, kaso mai yawa na ribarsu a hannun 'yan tsakiya yake zama kafin kaya su kai Dawanau. Matashin da ya koyi lissafin kuɗin da aka kashe da tsarin ajiya zai iya haɗa manoma a ƙungiyar gama kai, ya nemo musu mai saye kai tsaye. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC shi kaɗai, rajistar da bankuna kan nema kafin su buɗe asusun kasuwanci.

Buɗe cibiya rabin aiki ne. Karatun yana cin data da caji, wasu daga cikin jarrabawowin kuma da kwamfuta ake yin su. Matasan Kabo da Gwarzo suna da haƙƙin tambayar wakilansu ko cibiyoyin na da wuta da intanet da kwamfutocin da ke aiki, da kuma yawan ɗaliban da suka kammala tun buɗe su da inda suke a yanzu.