Yadda ake kusantar da ɗalibai ga wasan Shakespeare kan abota da cin amana

Malaman adabi a Birtaniya sun daɗe suna neman hanyar da za su sa matasa su damu da wasannin kwaikwayon William Shakespeare, waɗanda aka rubuta fiye da shekaru 400 da suka wuce, cikin Turancin da ba a magana da irinsa yanzu.

Ɗaya daga cikin wasannin da labarinsu ya fi kusa da rayuwar matasa shi ne The Two Gentlemen of Verona, wanda ke magana a kan wasu samari biyu aminan juna a birnin Verona na ƙasar Italiya.

Masana na ganin cewa yana cikin wasannin farko da marubucin ya rubuta, wajen shekara ta 1590, ko da yake ba a buga shi ba sai a 1623, shekaru bakwai bayan rasuwarsa.

Abin da wasan ya ƙunsa

Valentine da Proteus sun tashi tare tun suna yara. Valentine ya tafi birnin Milan, inda ya kamu da son Silvia, 'yar mai mulkin birnin.

Daga baya mahaifin Proteus ya tura shi Milan, bayan ya yi musayar zobe da masoyiyarsa Julia. Amma da ya ga Silvia sai ya manta da alkawarin da ya ɗauka.

Don ya kawar da amininsa, Proteus ya tona wa mahaifin Silvia shirin da Valentine ya yi na guduwa da ita ta hanyar tsanin igiya. Aka kori Valentine, ya faɗa daji, ya zama shugaban wasu 'yan fashi.

Ita kuwa Julia sai ta yi shigar maza ta bi sawun Proteus, har ta zama yaronsa ba tare da ya gane ta ba.

Koyo a tsaye

A shekara ta 2008, kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare da ke garin Stratford, mahaifar marubucin, ya ƙaddamar da wani gangami da ya yi kira ga makarantu da su yi abubuwa uku: yara su riƙa yin wasan da jikinsu, su kalle shi a dandamali, kuma su fara tun suna ƙanana.

Dalili kuwa shi ne, an rubuta wasan ne domin a ji kuma a gani. Kalmar da ta gagari ɗalibi a takarda takan fito fili idan ya furta ta yana fuskantar abokin karatunsa.

Daga cikin dabarun da malamai ke amfani da su akwai ta zaunar da ɗalibi guda a kujera a matsayin Proteus, sauran 'yan aji su yi ta yi masa tambayoyi. Dole ya kare kansa da hujjojin da ke cikin wasan, abin da kan tilasta masa komawa ga rubutun.

Wata dabarar ita ce a raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tsaya cik kamar hoto, ya nuna lokacin da amana ta karye. Daga nan sai a yi muhawara: lokacin da Proteus ya fara ganin Silvia ne, ko kuwa lokacin da ya je wurin mahaifinta?

Kazalika bayanin suna kan taimaka. An samo sunan Proteus ne daga wani abin bautar Girkawan da, wanda aka san shi da rikiɗa.

Inda gizo ke saƙa

Fitowa ta ƙarshe ce ta fi tayar da ƙura. A cikin daji, Proteus ya yi yunƙurin yi wa Silvia fyaɗe, Valentine ya fito ya hana shi.

Proteus ya nemi gafara cikin 'yan kalmomi kaɗan, Valentine ya yafe masa nan take, har ya faɗi maganar da mutane da yawa ke fassarawa da cewa ya bar masa Silvia. Daga nan har ƙarshen wasan Silvia ba ta sake cewa uffan ba.

A zamanin Shakespeare, marubuta da dama sun ɗauki abota tsakanin maza a matsayin abin da ya fi soyayya daraja. Wani littafi na Thomas Elyot da ya fito a 1531 yana ɗauke da labarin mutumin da ya bar wa amininsa amaryarsa.

Sanin wannan tarihi yana da amfani, amma idan malami ya tsaya nan, ɗalibai na iya tashi da tunanin cewa afuwa ba ta buƙatar tuba ta gaskiya, ko kuma wadda aka zalunta ba ta da ta cewa.

Shi ya sa wasu malamai kan sa a yi fitowar sau biyu ko uku, kowane karo Silvia ta nuna halin da take ciki ba tare da magana ba: ta juya baya, ko ta fice, ko ta tsaya kusa da Julia. Sai a tambayi aji wa ke da ikon yafe laifin da aka yi wa wani.

Ba sai da kayan aiki ba

A shekara ta 2012, gidan wasa na Globe da ke Landan ya shirya bikin da aka nuna wasannin Shakespeare 37 cikin harsuna 37.

A wurin, wasu 'yan wasa biyu kacal 'yan asalin Zimbabwe suka gabatar da wannan wasa da harshen Shona, suna sauya matsayi daga wannan mutum zuwa wancan.

Darasin da malamai za su iya ɗauka shi ne, ajin da ba shi da dandamali ko tufafin wasa zai iya ture tebura gefe guda, ɗalibai su tashi tsaye su yi wasan da harshen da suka fi ji.